Karaban mai naɗewa da hanyoyinmu na Adar

Duk inda na tsaya da akwatin nan da nike ja bayan mota, ko gidan mai ne nan cikin Tahoua ko bakin kasuwa ran Lahadi, sai an samu wanda zai matso ya tambaya, wani ya ce gurup ne, wani ya ce kayan haƙa foraj ne, in na ce musu ɗakin kwana ne mai gado biyu sai su tsaya suna dubanshi dan tsayinshi daga ƙasa bai wuce ƙirjin mutum ba. To karaban ce, irin mai naɗewa. Kana tahiya tana dunƙule bisa ƙafafunta biyu, in ka isa masauki ka juya manibel rufin ya tashi sama, ka jawo gado ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, tanti ya miƙe ya zama bango. Ina son abin nan ƙwarai wallahi, kuma dan ina sonshi ne nike so duk mai sha'awa ya ji yadda zancen yake kahin ya zuba kuɗɗinshi, saboda waɗanda sunka ƙera ta ba su san ranar watan Afirilu ta Adar ba balle duwatsun hanyar Keita, ranar da ka saye ta rabin aiki ka yi, sauran rabin nan gida za ka yi shi da mai walda da tela da hannunka.

Ni aikina haɗa famfon sola ne, foraj na ƙauye da na masu lambun albasa, kuma aikin nan ba a gama shi a yini guda, sai ka kwana wurin ka ga yadda ruwa ke hawa da sahe da yadda yake yi da la'asar. Shekaru ina kwana bisa tabarma ko bayan mota, da rani babu laihi, amma da damina in sauro ya taso a kwarin Magiya ko ka ɗaura sange iska ta tsinke igiya cikin dare, ga kunama, ga raɓa, kuma zazzaɓin cizon sauro kowa ya san yadda yake kwantar da mutane daga watan Agusta har bayan girbi. Mutum in shekaru sun fara ja jikinshi ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da. Wannan ne ya sa na fara neman abin da zai ɗaga ni daga ƙasa ya kuma rufe ni da raga, ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba.

Su can inda abin ya hito dan hutu anka yi shi. A Faransa tun 1936 da anka ba ma'aikata hutun sati 2 da albashi mutane sunka fara hita da tanti bakin teku, kamfani irin Trigano da tanti ya tashi, Rapido kuma da karaban mai naɗewa ya fara a 1961, akwai Raclet, akwai na ƙasar Danmak irin su Combi-Camp da Camp-let. Galibin na Turai hannu ake sa wa a buɗe murfin ya kihe gefe guda ya zama daɓen ɗaki, ba su da nauyi sosai. Na Amurka su ne masu manibel, Coleman ya fara yin nashi a 1967, Jayco kuma wani mutum Lloyd Bontrager ya kafa shi a 1968 a jihar Indiana, kuma abin da ya tashi da shi shi ne dabarar ɗaga rufin nan. Na faɗi wanga ne dan ka san iri biyu ne a kasuwa kuma kowane da kayan da ke shiga jikinshi, zan dawo bisa wannan dan nan ne mutane ke asara.

Hanyar samu biyu ce. Ko ka sa ɗan'uwa da ke Turai ya nemo maka, mu ƴan Tahoua ai ba mu rasa wani a waje, unguwar Heyvaert ta Bruxelles nan ne cibiyar tsohin motocin da ake lodi a tashar Anvers zuwa Kwatano da Lome, karaban ma tana bin wannan hanya. Sai dai ka yi lissahi da kyau, euro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kuɗɗin da ka gani a hoto ka ji sun yi maka araha ba su ne kuɗɗin ba, akwai jirgi, akwai tiranziter, akwai duwan, kuma tun da iyakar Gaya da Malanville ta rufe a 2023 kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, lokaci ya ƙaru kuɗɗi sun ƙaru, abin tanti kuma in ya daɗe a rufe cikin damshin bakin teku ba ya isowa yadda ya taso. Hanya ta biyu ka samu wadda ta riga ta shigo ƙasa, ni haka na yi, a Yamai na same ta wurin wani dillali, ta wani Bature ce da ya gama aikinshi ya koma gida, ƙirar Amurka, tana ajiye cikin wani gida ƙarƙashin rumfa. Amfanin wannan hanya guda ne amma babba ne, za ka buɗe ta da hannunka ka gani kahin ka biya.

Kuma dan Allah ka buɗe ta ɗin. Kar ka yarda da zancen ai manibel ɗin ya ɓace ko ai maigidan ya tahi da makulli, in ba a ɗaga ta gabanka ba ka kama hanyarka. Mutane idonsu na zuwa ga labule da katifa da ɗan wurin wanke kwano, waɗannan duka tela da kafinta na Tahoua za su yi maka waɗanda sunka fi su. Abin dubawa na farko tanti, ka shiga ciki da rana tsaka ka rufe ƙofa da tagogi duka ka tsaya, duk inda haske ya shigo ruwa zai shigo, ka kama ɗinki ka ja a hankali, in zaren ya yi gari a hannunka rana ta cinye shi, ka shaƙi warin wurin, in kana jin warin rima ko ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo to an taɓa naɗe ta da jiƙa kuma wannan tabon ba ya hita. Ka ja kowane zip sama da ƙasa, ka duba ragar sauro taga bayan taga. Tantin nan shi ne mafi tsada a jikinta in za a sake, dan ba a samun shi a shago, ɗinkin kowace ƙira daban.

Na biyu daɓe da rufi. Daɓen katako ne irin mai falle-falle da anka manne, ka taka ko'ina musamman kusurwa huɗu da bakin ƙofa, inda ya lotsa ruwa ya zauna wurin, sannan ka kwanta ƙasa ka leƙa ta ƙarƙashi da tocila ka soka sukurdireba ka ji ko itacen na da ƙarfi, nan ƙasarmu kuma sai ka ƙara da neman hanyar gara. Rufi ka dube shi daga nesa ka ga ko tsakiyarshi ta lanƙwaso. Na ukku shi ne ran abin baki ɗaya, wayar ɗagawa. Manibel ɗin yana juya wani ɗan winci, winci ya ja waya babba ta ƙarfe, ita kuma ta rarraba ƙarhi zuwa ginshiƙai huɗu na kusurwa, dole su tashi tare daidai wa daida, in kusurwa ɗaya na baya-baya ko kana jin ƙas ƙas to wata waya ta saki ko silinta sun fara tsinkewa. Rufin nan yana da nauyi, in waya ta tsinke mutum na ciki ba ƙaramin haɗari ba ne, shi ya sa ni ko da komi lahiya lau sai na kafa sanduna biyu na ƙarfe a kusurwa biyu masu kallon juna bayan na ɗaga, mai walda ya yanka mini su daidai tsayi, kuma yara sun san ba mai shiga sai sandunan sun tsaya. In rufi ya kai iyaka ka tsaya, juyi ɗaya na ƙari shi ke tsinka waya.

Yanzu zancen Amurka da Turai da na ce zan dawo. Ƙwallon ja da ke bayan motocinmu galibi na Turai ne, milimita 50. Bakin karaban ta Amurka kuwa inci 2 ne ko inci 1 da 7/8, na farkon ya ɗara namu da kaɗan na biyun ya gaza, ido ba ya ganin bambancin amma hanya tana gani, baki da ƙwallo in ba girmansu ɗaya ba ko dai su riƙa kaɗawa suna cin juna ko ya ƙi zama da kyau ya kuɓuce wurin gargada. Ni cire bakin na sa anka yi gaba ɗaya anka ɗaura na milimita 50, da sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashi. Fulogin fitilun baya shi ma daban ne, sai mai lantarkin mota ya sake shi. Sai wutar ciki, tasu volt 110 ce, ta NIGELEC 220, wanda ya jona kai tsaye ya ƙone akwatin wutar nan take in ma Allah ya tsare tantin. Tunda aikina ne ban tsaya neman tiransifo ba, na zare wayoyin 110 duka na mai da komi volt 12, fanon sola guda da nike jinginawa a ƙasa in juya shi wajen rana, batir guda, fitilu LED, fanka biyu ƙanana da wurin cajin waya, shikenan. Gas ma haka, kan butel ɗinsu ba ya shiga namu, na cire murhun ciki na bar wurin ya zama ma'ajiya, dahuwa a waje nike yi da ƴar butel ta kilo 6 irin ta kowane gida.

Firjin da ke zuwa da su kar ka sa rai da shi. Irin mai aiki da zahi ne ba shi da kwamfaresa, yana so a ajiye shi daidai babu karkata, kuma in zahin gari ya haura sai ya kasa, mu kuwa nan Afirilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne har ya wuce. Kula mai riƙe sanyi da anka zuba ma ƙanƙara ta fi shi, ruwan sha kuma salka ko jarka da anka naɗe da buhu anka jiƙa.

Inda na fi kashe kuɗɗi da tunani shi ne ƙafa. Ta zo da ƴan tayoyi inci 12, kuma cikinta kusa da ƙasa, daga Yamai zuwa Tahoua ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni sannan a karya a Tsarnawa ya fi kilomita 500, gudron ne amma duk tsayawar da na yi sai na taɓa tsakiyar tayar in ji ta da zahi, dalili ƙaramar taya tana juyi fiye da ta mota a tahiya guda, rulma kuma, wato ƙarfen da taya ke juyi bisanshi, shi ke shan wahalar. Taya ma tana iya zama da zanenta sabo fil amma ta tsufa a tsaye, ka duba lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2315 sati na 23 kenan a 2015, irin wannan ko ba ta taɓa taka hanya ba rana ta gama da ita. Da na kai ta gareji mai waldan ya zagaya ta ya durƙusa ya leƙa ya ce "Alhaji wagga in ta shiga ƙoramar farko cikinta za ta bari can." Na ce "To maigida mi za a yi?" Ya ce "Lam ɗin nan masu ɗaukar nauyinta da ke ƙarƙashin aksil mu maido su bisa, ta tashi, sannan mu nemi ƙafa babba wadda ko a Bouza ka fashe za ka samu taya." Haka anka yi, ta tashi kusan taƙi guda, anka sa inci 14, anka yanke wurin laka anka faɗaɗa, anka ƙara ƙarfe inda dogon hancin ya haɗu da jiki. Gaskiya ne in ta tashi sama tana ɗan fi saurin layi a kwana, sai ka rage gudu, amma ba dan wannan aikin ba da ba ta taɓa ganin lambunan Keita ba. Rulma biyu sabbi da giris da kirik da taya ta ajiya ba sa hita daga cikin akwatinta.

Tuƙi da ita ba wuya in ka kiyaye abu kaɗan. Kaya masu nauyi, batir da jarkar ruwa da akwatin kayan aiki, su zauna bisa aksil ko gabanshi kaɗan yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin zai danna ƙwallon mota, in ka tara nauyi a baya za ta fara wutsiya hagu da dama, kuma in ta fara kar ka taka birki da ƙarhi, ka ɗaga ƙafa daga mai ka riƙe sitiyari sak har ta natsu. Ba na wuce 80 a gudron, a latarit mai gargada kuwa rabin haka ma ya isa, in na isa masauki kahin in ɗaga sai na bi kusoshi da sukurdireba dan gargada tana kwance su ɗaya bayan ɗaya. Baya-baya ne ke ba sabon shiga wahala tunda gajera ce nan da nan take karyewa, ka kama sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa nan bayanta zai nufa, ka je hilin ƙwallo da sassahe ka koya ba mai kallonka. Mai kuma tana ƙara sha amma ba kamar doguwar karaban mai bango ba tunda tana ɓoye bayan mota iska ba ta dukanta. Takardu ka haɗa su cikakku, na duwan da kart giriz da asurans, ka sa lamba a bayanta, a shingen jandarma da na ƴan sanda ana tambayar na ramork, wato abin da kake ja, daban da na mota, wani lokaci kuma su ce a buɗe su gani, ka buɗe da daɗin rai aikinsu suke.

Zahi. Tanti da rana tsaka a watan Mayu ba wurin zama ba ne, wanda ya ce maka akasin haka bai shiga ba. Fukafukan gadon nan biyu su ke shan rana kai tsaye, abin da na gano yana aiki shi ne in ɗora zana bisa kowane, in sa ƴan sanduna tsakani yadda iska za ta ratsa, kuma in nemi inuwar bedi, gawo ma yana da ganye da rani amma dabbobi na taruwa ƙarƙashinshi dan ƴaƴanshi kuma akwai ƙaya. Da dare kuwa labari ya sake, ka zuge tagogi duka ka bar raga kaɗai, iska ta ratsa ta ko'ina, kana bisa nesa da ƙasa, babu sauro babu kunama, wallahi barcin da nike yi cikinta bakin tabkin Tabalak ban yin irinshi a ɗakin siminti. Da hunturu kuma sanyi ta ƙarƙashin gado yake shigowa dan katakon a sarari yake rataye, ka shimfiɗa bargo ƙarƙashin katifa ba bisa kaɗai ba.

A nan dole in ja kunne da babbar murya, kar a shiga da gawayi ciki. Mu mutanen shayi ne, in sanyi ya kama abu na farko da zai zo wa yaro a rai ya jawo ɗan murhun shayi ciki ya rufe zip, hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai yake sa mutum ya wuce daga nan. Yaran aikina na gaya musu duk wanda na gani da garwashi cikin karaban ya bar tahiya da ni, kuma ba wasa nike ba.

Iskar damina ita ce abin da na fi tsoro. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, jan ƙura ya fara gaba ruwa na biye, cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan kam wurin Buzaye na koya, su da sunka gaji naɗe gida da kafa shi tun kaka da kakanni, ka duba yadda suke ba gabas baya in sun kafa tanti, wani dattijo wajen Abalak ya ga na tsayar da ita gicciye ya ce "Yaro juya ta, ka ba iska ƙaramin gefe." Tun daga nan nike kafa ta haka, ƙofa na kallon inda iska ba ta bugowa, ƙafafun tsayawa huɗu a ƙasa bisa katako dan kar su nutse cikin yashi, igiya daga kusurwar rufi zuwa turaku. In kuma na ga gabas ta yi ja sosai ba na jayayya, sauke ta nike mu shiga mota har ya wuce. Kuma kar ka kwana cikin ƙorama ko da yashinta ya yi maka laushi da kyau, ruwan da anka yi bisa dutsi nesa da kai shi zai iso maka cikin dare.

In ruwa ya jiƙa ta kuma dole ka tashi, naɗe ta, amma ranar da ka isa gida ka buɗe ta ta sha iska har ta bushe ƙarau, ko ka gaji ko dare ya yi gobe da sahe ka yi. Nan Allah ya taimake mu, rana ɗaya ta isa. Wanki da ruwa zalla da buroshi mai laushi, banda omo banda jabel, suna cire maganin da ke hana ruwa shiga. Ƙura ita ce ciwon kullum, tana cin zip tana shiga hanyar da gado ke zamewa, zip ina goga mishi kyandir, ginshiƙai kuma ba na shafa musu giris dan giris da ƙura in sun haɗu sun zama abin goge ƙarfe, tsumma nike sa wa in share. Wurin ajiya rumfa, tayoyi a rufe da buhu, kuma ba bisa ƙasa tsura ba saboda gara, na zuba siminti wurin. Kusu kuma in ya samu ko ƙwayar gero ɗaya ciki ya samu gida, zai tauna tanti ya yi sheƙa da katifa, ko ba na tahiya ina buɗe ta lokaci-lokaci in share in duba.

Akwai abin da ya dame ni tun farko wanda ba na ƙarfe ba ne. A ƙauye baƙo na mai gari ne, in ka zo da ɗakinka a bayan mota ka je gefe ka kafa kamar kana cewa shimfiɗarsu ba ta ishe ka ba, kuma mutanen nan su ne za ka yi aiki da su, su za su tsare famfon bayan ka tahi. Shi ya sa ban taɓa kafa ta ba sai na je na gaida mai gari na ce "Ranka shi daɗe, mun zo aikin ruwa, ina ka ga ya dace mu sauka?" Inda ya nuna nan nike tsayawa, galibi ƙofar gidanshi ko kusa da masallaci, tuwon da anka aiko shi muke ci, hira a tabarmarsu ake yi har dare, karaban ta barci ce kawai. Da haka ba wanda ya taɓa jin an raina shi, yara kuma su cika wurin lokacin ɗagawa kowa na so ya taɓa manibel.

Inda ta fi shiga raina shi ne wajen iyali. In ana biki ko rasuwa a ƙauyenmu gida cika yake, mata su kwana a tsakar gida jere, tsohuwata kuma ƙafa ta dame ta tashi daga tabarma wahala ne gare ta. Ranar da na fara kafa mata ita bayan ɗakin ƙanwarta ta tsaya tana duba matakin ta ce "Wanga abu ba ya kihewa da ni?" na ce "Inna hau ki gani", na riƙe hannunta ta hau ta zauna bakin gado ta yi ta sa albarka. Yanzu in za a tahi ita ke fara tambaya ko da ɗakin za a je. Maiɗakina ma ta samu inda za ta sake kaya ta shayar da yaro a rufe, wannan ga mace ba ƙaramin abu ba ne, mu maza ba mu cika lura ba.

Zancen tsaro ba a tsallake shi. Irin hotunan da ake gani na Turawa su kafa su kaɗai cikin daji nesa da kowa, wannan ba namu ba ne a wanga lokaci. Tillia da Tassara an sa su cikin dokar ta-ɓaci a 2017, harin da anka kai ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021 ba wanda ya manta a jihar nan, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu shi kawo mana zaman lahiya. Ni ba na kwana sai cikin mutane, ba na tahiyar dare, kuma kahin in kama hanyar da ban saba ba sai na tambayi direbobin tasha da hukuma, in sun ce a'a to a'a ne. Karaban ba ta gudu, sauke ta da ɗaurawa yana cin lokaci, ka san da wannan kahin ka zaɓi masauki.

Wa nike ba shawara ya saya? Mai aikin da ke kwanar da shi a ƙauye, masu foraj, malaman dabbobi lokacin rigakahi, mai sayen albasa da ke zama bakin lambu a Galmi har a cika mota, mai babban iyali da ke yawan zuwa gida. Wanda kuma zai hita da ita sau ɗaya a shekara ya bar kuɗɗinshi, zama ne ke kashe ta fiye da tahiya, kuma sai kana da mota mai ƙarhi da wurin ajiya da haƙurin gyara. Ka shirya ma masu aro, za su zo, kuma hanawa da wuya tsakanin ƴan'uwa, ni abin da na tsayar shi ne in an ara to da yarona guda za a tahi, shi zai ɗaga shi zai sauke.

Abin da ke raina yanzu shi ne a yi irinta nan gida. Babu wani abu jikinta da ya fi ƙarhin masu waldarmu, su da ke ƙera amalanke da ƙofofi da bodin manyan motoci, aksil na tsohuwar mota akwai, winci ana samu, telolin da ke ɗinka tampol na kamyo da rumfunan biki sun iya ɗinki mai kauri, kuma in mu munka yi ta tun farko za mu ɗaga cikinta mu faɗaɗa tagogi mu yi daɓen ƙarfe da gara ba ta ci. Na riga na yi magana da mai waldan nan, ya ce in kawo ta bayan girbi in aiki ya lafa mu kwance gefe guda ya auna yadda wayoyin ke bi, telan kuma zai cire tsohon tantin ya yi amfani da shi ya yanka sabo, yadin ne muke nema yanzu mai kaurin da zai jure rana, na sa a duba mini a Ƙonni da Maraɗi.